Yadda Ake Shirya Kejin Ɓerayen Bincike Domin Ƙarin Ruwa Ta Igiya

Akwai binciken magunguna da allura ɗaya a rana ba ta isar masa, domin abin da ake nema shi ne maganin ya riƙa shiga jini kaɗan-kaɗan ba yankewa, na tsawon awanni ko kwanaki, wani lokaci har makonni. Idan aka ce za a riƙa kama ɓera ana yi masa allura a kai a kai, tsoro da wahalar kamun kaɗai sun isa su sauya bugun zuciyarsa da sinadaran jininsa, har mai bincike ya kasa rabe aikin magani da aikin firgita. Wannan ne ya sa ake dasa siririyar roba a jijiyar dabbar, a haɗa ta da injin tura sirinji da ke wajen keji, a bar ɓeran yana yawonsa. Dabarar ta daɗe. A shekarar 1962 James Weeks, wani masanin magunguna a Amurka, ya wallafa hanyar ba ɓeraye mofin, wani maganin ciwo mai ƙarfi, ta jijiya ba tare da an ɗaure su wuri ɗaya ba, kuma tsarin da ake amfani da shi yau bai yi nisa da nasa ba.

Kafin a taɓa keji, ya kamata mai shiri ya riƙe jerin kayan a ransa tun daga jikin dabba har zuwa inji. Robar tana shiga jijiyar wuya ko ta cinya, ana bi da ita ta ƙarƙashin fata ta fito tsakanin kafaɗu, inda haƙorin ɓera ba ya kaiwa cikin sauƙi. A nan take haɗuwa da 'yar riga mai ɗamara, ko kuma wani maɓalli da aka dasa a fatar. Daga nan siririn tiyo yake hawa sama ta cikin sifirin na ƙarfe da ke kare shi daga cizo, wato igiyar ke nan, ya shiga majuyi, wani ɗan ƙarfe mai bututu a ciki wanda ƙasansa ke juyawa tare da dabbar samansa kuma yana tsaye. Majuyin yana rataye a jikin hannu mai ma'auni a saman keji, daga shi sai wani tiyon ya tafi zuwa sirinji. Duk abin da za a sa a kejin ana auna shi ne da tambaya guda: zai tare wa wannan igiya hanya ko ba zai tare ba? Wanda ya fara sayen keji sannan ya koma neman yadda zai cusa igiyar a ciki, aikin zai yi ta ba shi wahala har ƙarshen binciken.

Tun kafin wannan ma, dole ne kwamitin da ke sa ido kan amfani da dabbobi a cibiyar ya amince da tsarin a rubuce, likitan dabbobi kuma ya san da shi. Kwamiti nagari zai tambaya ko igiyar ta zama dole, domin akwai ƙananan na'urori da ake dasawa a ƙarƙashin fata su riƙa sakin magani da kansu. Suna da amfani idan ruwan kaɗan ne kuma ba za a sauya saurinsa ba. Idan ruwan yana da yawa, ko maganin yana lalacewa a zafin jiki, ko ana son tsayar da shi a kuma ci gaba, to igiyar ce mafita. Ƙa'idoji uku da William Russell da Rex Burch suka gabatar a 1959, wato maye gurbin dabba in zai yiwu, rage yawanta, da kyautata yadda ake mu'amala da ita, su ne ma'aunin da kwamitocin ke amfani da shi, kuma shirin keji yana ƙarƙashin ta uku.

Zaɓen keji da murfinsa

Dokar Tarayyar Turai ta 2010 kan dabbobin bincike ta sa mafi ƙarancin filin keji ya zama murabba'in santimita 800 ga babban ɓera (nau'in da ake kira rat da Turanci) da tsayin santimita 18, sai murabba'in santimita 330 ga ƙaramin ɓera (nau'in da ake kira mouse) da tsayin santimita 12. Littafin jagora na Amurka kan kula da dabbobin bincike, bugu na takwas na 2011, ya ba da tsayi kusan irin wannan, santimita 17.8 da 12.7. Waɗannan alƙaluma na kejin yau da kullum ne, kuma a ganina ba su isa ga dabba mai igiya ba, musamman ta fuskar tsayi. Babban ɓera yana miƙewa tsaye a kan ƙafafunsa na baya sau da yawa a dare, idan kuma murfin yana kusa, sifirin zai lanƙwashe tsakanin bayansa da murfin, ko kuma ya kai bakinsa ga majuyi da tiyon da ke sama da shi, wanda ba shi da kariyar ƙarfe. Saboda haka a nemi keji mai dogon bango wanda ko dabbar ta miƙe iya miƙewarta ba za ta taɓa majuyin ba.

Siffar kejin ma tana da tasiri. Keji mai faɗi da tsawo kusan ɗaya, ko mai zagaye, ya fi dogo siriri dacewa, domin nisan da ke tsakanin tsakiya da bango kusan ɗaya ne ta kowane ɓangare, igiya mai tsawo ɗaya za ta kai ko'ina. A dogon keji kuwa, igiyar da ta isa kusurwa mai nisa takan yi yawa idan dabbar ta dawo tsakiya, ta zubo ƙasa ta naɗe mata ƙafa. Bangon ya kasance na roba mai haske da ake gani ta cikinta kuma mai jure turirin tukunyar kashe ƙwayoyin cuta, ƙasan kuma ya zama daɓe mai shimfiɗa. Kejin da ƙasansa waya ce yana cutar da tafin ƙafa idan zaman ya yi tsawo, ba a amfani da shi sai binciken yana buƙatar tara fitsari da kashi.

Murfi shi ne inda aka fi samun matsala. Murfin waya na yau da kullum yana da mazubin abinci da ya lotso cikin keji, kuma wannan lotsawar ita ce sifirin ke maƙalewa a jikinta. Abin da ake so shi ne murfi shimfiɗaɗɗe mai tsaga daga gefe zuwa tsakiya, ta yadda za a iya cire shi a mayar ba tare da an raba layin ruwa ba, domin duk buɗe layi ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta da iska. A bi bakin tsagar da yatsa. In akwai kaifi ko tsini a goge shi. Faɗinta kuma ya isa sifirin ya wuce a sake, amma kar ya kai girman kan dabbar, domin ƙaramin ɓera yana bi ta duk ramin da kansa ya shiga, kuma yana iya hawa igiyar kanta. Kejin zamani masu bututun iska na kansu ba sa aiki da igiya sai da murfi na musamman, kuma da zarar an huda murfin, kariyar da tace iskar ke bayarwa ta ragu, sai tsabtar ɗakin ta ɗauki nauyin.

Majuyi, hannu da tsawon igiya

Majuyi iri-iri ne: akwai mai hanya ɗaya, akwai mai hanya biyu idan ana son ba da magani ta ɗaya a ɗebi jini ta ɗaya. Ga babban ɓera an fi amfani da mai lamba 22, ga ƙarami kuma mai lamba 25; lambar tana nuna kaurin bututun, mai babbar lamba shi ya fi siranta. Abin lura shi ne taurinsa wajen juyawa. Babban ɓera mai giram 300 yana iya juya kusan kowane majuyi, amma ƙarami mai giram 25 ba shi da wannan ƙarfi, kuma majuyi mai hanya biyu ya fi mai hanya ɗaya tauri. Idan majuyin bai juya ba, tiyon da ke cikin sifirin ne zai murɗe, ruwa ya tsaya, ko kuma murɗin ya koma kan fatar dabbar ya ja ɗinki. A riƙe samansa a juya ƙasan da yatsu biyu. Wanda ya yi ƙiƙi-ƙaƙa ko ya ɗan cije a wani wuri, a ajiye shi gefe.

Hannu mai ma'auni yana aiki kamar sikeli. Gefe ɗaya yana ɗauke da majuyi da igiya, ɗaya gefen kuma nauyi ne ko sifirin da ke ɗaga su, ta yadda idan dabbar ta miƙe hannun zai hau ya kwashe rarar igiyar, idan ta kwanta ya sauko. A daidaita shi har ya zama yana ɗauke nauyin igiyar kaɗai, ba ya jan dabbar sama. Alamar an ja da yawa ita ce a ga ɗamarar ta ɗago daga bayan ɓeran yana kwance, ko a ga yana tafiya kamar a kan yatsu. Alamar an saki da yawa kuma ita ce igiyar ta yi lanƙwasa ta taɓa shimfiɗa. A kafa hannun ta yadda majuyin zai faɗo daidai tsakiyar keji, a ɗaure shi tamau a jikin kejin ko kantar da yake kai, sannan a bar isasshen fili a samansa. Wannan yakan sa a cire kanta ɗaya tsakanin kowace biyu, abin da ke rage yawan kejin da ɗaki zai ɗauka, don haka a yi lissafinsa tun ana tsara yawan dabbobin.

Tsawon igiya ana gwada shi ne da hannu. A kama ƙarshenta a kai ta kowace kusurwa a ƙasan keji, a kai ta bakin kwalbar ruwa da wurin abinci, sannan a ɗaga ta zuwa tsayin dabbar a miƙe. Ya kamata ta isa duk waɗannan wurare ba tare da ta ɗaure ba, kuma ba tare da ta bar rara da za ta yi zobe ba.

Abin da ke cikin keji

Abinci da ruwa su zo daga gefe. Kwalbar ruwa a rataye ta a waje, bakinta kaɗai ya shigo ta bango, a tsayin da dabbar da aka yi wa tiyata a wuya za ta sha ba tare da ta miƙa wuyan ba. Abinci a zuba shi a mazubin da ke jikin bango ko a ƙaramin kwano mai nauyi a ƙasa, kuma a kwanakin farko bayan tiyata yana da kyau a jiƙa wani ɓangare nasa ya yi laushi. Shimfiɗa ta zama ta takarda mai laushi marar ƙura, domin ƙurar katako tana taruwa a bakin rauni da ƙarƙashin ɗamara.

Wasu kan kwashe komai daga kejin don gudun maƙalewa, su bar dabbar a fili fetal. Wannan kuskure ne, domin ɓera dabba ce da ke neman wurin ɓuya, rashinsa kuma damuwa ce da za ta bayyana a sakamakon. Abin yi shi ne a zaɓi kayan da igiya za ta iya bi. Bututun da dabba ke shiga ta fita ta ɗaya gefen ba zai yiwu ba, haka ma keken gudu. Mafaka mai buɗaɗɗen sama, ko mai tsaga a rufinta, ko ɗan allo mai duhu da aka jingina a kusurwa, duk suna aiki. Kayan sheƙa a ba da guntayen takarda gajeru. Auduga da duk wani abu mai dogon zare yana naɗe sifirin da yatsun ƙafa. Ga ƙaramin ɓera sheƙar ba ado ba ce, domin zafin da jikinsa ya fi sakewa a ciki yana kusan digiri 30, ɗakin kuwa bai kai haka ba, ga shi ba shi da abokan da zai kwanta a jikinsu, ga kuma ruwa mai sanyin ɗaki yana shiga jininsa. A ƙara ɗan katakon gwaguya, wanda ke rage masa sha'awar gwaguyar ɗamara.

Yanayin ɗakin bai bambanta da na sauran ɓerayen bincike ba: zafi tsakanin digiri 20 zuwa 26 a ma'aunin Selshiyos, laima tsakanin kashi 30 zuwa 70 cikin ɗari, sauyin iska sau 10 zuwa 15 a awa, haske awa 12 duhu awa 12. Abin da tsarin igiya ke ƙarawa shi ne fitilun injuna da ƙararsu. Allon inji mai haske a cikin dare yana iya rikita agogon jikin dabbar, don haka a juya shi baya ga keji ko a rufe shi. Ɓeraye kuma suna jin sautin da ya fi ƙarfin kunnen mutum, shi ya sa ba a ɗora inji a kan murfin keji ko a jingina shi da bango.

Inji da lissafin ruwa

A ajiye injin a kan kantarsa ta daban, kusan daidai da tsayin dabbar. Idan sirinji ya yi sama da yawa kuma bai zauna daram a mazauninsa ba, nauyin ruwan yana iya janyo shi ya kwarara cikin jijiya ba da umarnin inji ba, idan kuma ya yi ƙasa da yawa jini yana iya komowa cikin roba ya daskare. A tabbatar an shigar wa injin ainihin girman sirinjin da ke kansa, domin shi faɗin sirinji yake amfani da shi wajen lissafin sauri. A haɗa shi da batirin ko-ta-kwana, a kuma rubuta lambar keji a jikin inji da sirinji da tiyo, tunda layuka goma da ke gefen juna duk kamarsu ɗaya.

Akwai lissafi guda da ake yawan tsallakewa, shi ne ruwan da ke kwance a cikin tiyo. Tiyon PE-50 da ake yawan sa wa babban ɓera faɗin cikinsa milimita 0.58 ne, mita ɗaya nasa yana riƙe da kimanin mililita 0.26. Saurin da aka saba ɗauka a matsayin mai kyau ga ƙarin ruwa na awa 24 shi ne kusan mililita 2.5 a kowane kilo a awa ga babban ɓera, da mililita 4 ga ƙarami. Ke nan ɓera mai giram 300 zai karɓi mililita 0.75 a awa, kuma maganin zai ɗauki kusan minti 21 kafin ya ratsa wannan mita ɗaya. Ƙaramin ɓera mai giram 25 kuwa mililita 0.1 yake karɓa a awa, wanda ke nufin da irin wannan tiyo sai an haura awa biyu da rabi maganin bai iso ba. Da siririn PE-10 mai milimita 0.28 jiran yana sauka zuwa kusan minti 37. Wanda bai yi wannan lissafi ba zai ɗebi jinin awa ta farko ya ga babu magani, ya ɗora wa maganin laifi. A gajarta tiyo gwargwadon iko, a ƙara ruwan da ke cikin majuyi da matatar ruwa, in an sa ta a layin, a lissafin, a kuma rubuta lokacin da magani ya isa jijiya a matsayin farkon bincike. Haka nan wasu magunguna suna mannewa a jikin roba, don haka a tura maganin ta cikin cikakken layin a auna abin da ya fito ta ƙarshe tun kafin a kawo dabba.

Wannan gwaji na kejin da babu kowa a ciki ya cancanci yini guda cur. A haɗa komai, a cika layin da ruwan gishiri na asibiti, a kori duk kumfar iska, a sa ƙarshen a cikin ƙaramar kwalba da aka auna nauyinta, a bar injin ya yi awa 24. Nauyin da kwalbar ta ƙara zai nuna ko injin yana ba da abin da ya ce, ɗigon da aka gani a gindin majuyi kuma zai nuna yoyo. A matse tiyon da gangan a ga tsawon lokacin da ƙararrawar toshewa za ta ɗauka kafin ta yi kuka. A ƙaramin sauri takan jima sosai, don haka ba a dogara da ita kaɗai.

Kawo dabba da duban kullum

A saba wa ɓeran da kejin da 'yar rigar na wasu kwanaki kafin tiyata, ana ƙara tsawon lokacin a hankali, domin kar ciwo da sabon wuri da sabuwar riga su haɗu masa rana ɗaya. Bayan tiyata a ba shi maganin ciwo kamar yadda likitan dabbobi ya tsara, a jira nauyinsa ya dawo kusa da na da kafin a fara magani, a wannan tsakani kuma ana iya tura ruwan gishiri a hankali ko a cika robar da ruwan hefarin don kar jini ya toshe ta. Duk lokacin da za a buɗe mahaɗa, a sa safar hannu mai tsabta, a goge bakin da sinadarin kashe ƙwayoyin cuta a bar shi ya bushe. Idan roba ta toshe kar a tilasta ta da ƙaramin sirinji, domin matsinsa yana iya fasa ta ko ya tura gudan jini zuwa huhu.

Dubawa ta zama aƙalla sau biyu a rana, kuma a bi layin da ido da yatsa daga sirinji har zuwa bayan dabba. A duba ko abin da ya ragu a sirinji ya yi daidai da lissafi, ko shimfiɗa ta jiƙe a wani wuri, ko sifirin ya murɗe. A ɗaga ɗamarar a kalli hammata da ƙirji, inda gogayya ke fara cin gashi kafin ta ci fata. Ɓeran da ke girma yana buƙatar a riƙa sassauta masa ita, matsinta kuma ya zama wanda ɗan ƙarfen gwaji siriri zai iya shiga ƙarƙashinta. Jan datti a gefen ido da hanci na babban ɓera ba jini ba ne, wani ruwa ne da ke ƙaruwa idan yana cikin damuwa ko ciwo. Runtse ido, tashin gashi, dunƙulewa wuri ɗaya da barin gyara sheƙa duk alamu ne da ake rubutawa a kai wa likita. Yawancin cibiyoyi suna ɗaukar zubewar kashi 20 cikin ɗari na nauyi a matsayin iyakar da za a tsayar da gwaji a kan dabbar, amma ana fara ɗaukar mataki tun kafin a kai can.

Kaɗaici shi ne babban farashin wannan tsari, domin ɓeraye masu zaman tare ne, biyu masu igiya kuma ba sa zama keji ɗaya ba tare da sun harɗe ba. A jera kejin kusa da juna yadda za su ga juna su ji ƙanshin juna. Inda ƙarin ruwan na wasu awanni ne kawai a rana, maɓallin da ake rufewa da hular ƙarfe yana ba da damar cire igiyar a mayar da dabbar cikin 'yan'uwanta. Rukunin da ake kwatantawa da shi, wanda ba ya karɓar magani, dole ne shi ma a yi masa tiyata iri ɗaya, igiya iri ɗaya da ruwa mai sauri ɗaya, a kuma warwatsa kejin rukunonin a kan kanta ta hanyar ƙuri'a, tunda kantar sama ta fi ta ƙasa haske da ɗumi.

Wajen sauya keji, mutum biyu sun fi ɗaya: ɗaya ya ɗauki dabbar, ɗaya ya bi ta da hannu mai ma'auni da majuyi zuwa sabon kejin da aka riga aka shirya a gefe, layin yana haɗe, a kuma ɗebo kaɗan daga tsohuwar sheƙar a sa mata. Idan binciken ya ƙare, a duba inda bakin robar ya tsaya a cikin jijiya a kowace dabba, a rubuta ko akwai gudan jini ko kumburi a wurin, domin dabbar da robarta ta zame ta zuba maganin a ƙarƙashin fata ba za a haɗa sakamakonta da na sauran ba.